Daren Da Na Ji Baƙuwar Magana A Gidana

Ni tsohon malamin makaranta ne, dattijo kuma a ikilisiyarmu. Na daɗe ina so in rubuta wannan labari, amma kunya ta hana ni, gama akwai laifina a ciki. Yanzu da tsufa ya zo, na ga gara in faɗa, ko Allah ya sa wani mahaifi ya kauce wa ramin da na fāɗa.

A daminar 1995 ne, cikin watan Agusta. 'Yata ta fari ta dawo hutu daga kwalejin horon malamai. Ba zan kama sunanta ba, kun dai san al'adarmu game da 'ya'yan fari. Wajen ƙarfe 2 na dare ruwa ya ɗauke, na farka, sai na ji murya daga ɗakin 'yan mata. Da fari na zaci wata ce take magagin barci. Na kasa kunne. Muryar 'yata ce sarai, amma maganar ba Hausa ba ce, ba Turanci ba, ba kuwa Fulatancin maƙwabtanmu ba. Kalmomi suna ta zubowa kamar ruwan indararo, ban gane ko ɗaya ba.

Na kunna fitila na tafi. Na same ta a durƙushe bakin gado, ido a rufe, hawaye na zuba. Nan take gwiwoyina suka yi sanyi. Na daka mata tsawa, na ce, "Ke! Me ya hau ki?"

Ta buɗe ido, ta dube ni, ta ce, "Baba, addu'a nake yi."

Na ce, "A gidan nan ba a irin wannan addu'a. Kin tafi makaranta kin ɗauko mana iska!"

Na koma ɗaki, amma har gari ya waye ban runtsa ba.

Dalilin tsorona

Mai karatu, kada ka yi saurin ganin baƙina. Ka ji inda na fito tukuna.

Mu Maguzawa ne na ƙasar Malumfashi. Kakata, wadda ta haifi babana, 'yar bori ce, an yi mata girka tun kafin a haife ni. Ina yaro na sha ganinta a fage. Masu garaya sukan zauna gefe guda, mata suna kaɗa ƙwarya. Kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Kuturu daban, na Ɗan Galadima daban. In aka buga taken wanda yake kanta, sai idonta ya juye, jikinta ya ɗauki rawa, ta yi tsalle ta faɗo da zama a ƙasa, tim! Daga nan muryar da ke fita bakinta ba tata ba ce. Ko mu jikokinta ba ta gane mu. Mutane su zo su durƙusa suna gaishe da iska, suna neman magani. Can sai ta yi atishawa, a ce ya sauka. In ka tambaye ta abin da ta faɗa, ba ta san kome ba, sai ciwon jiki na kwana biyu. Bayan haka kuma ga biyan bukata: yau jar akuya, gobe baƙar kaza, jibi sabon zane. Har ta mutu tana cikin tsoron Inna, wadda aka ce takan shanye ƙafar yaro in an ɓata mata rai.

Babana kuwa kuturta ce ta kama shi. Da magungunan gida suka kāsa, sai ya tafi asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da Katsina, inda 'yan mishan suke aiki a lokacin. Can ya sami magani, can ya koyi karatu, can kuma ya ji bishara. Ya komo gida da Littafi Mai Tsarki na Hausa a jakarsa. Ina tsaye ran da ya tattara layu da guraye da dukan kayan tsafin gidanmu ya cinna musu wuta a ƙofar gida. 'Yan'uwansa suka ce ba zai kai kaka ba. Ya yi shekara 30 bayan wannan.

To, wanda ya tashi a irin wannan gida, yaya zai ji in ya tarar da 'yarsa da tsakar dare tana magana da harshen da ba nata ba? Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni a ganina abin da babana ya kora ta ƙofa ne ya komo ta taga.

Yadda gida ya dagule

Kashegari na tsare ta da tambaya. Ta ce a taron zumuntar ɗalibai ne aka ɗora mata hannu aka yi addu'a, sai ta ji bakinta ya cika da yabo, ta fara wannan magana. Ta ce baftismar Ruhu Mai Tsarki ke nan. Na ce mata ashe baftismar da aka yi mata a rafi tana 'yar shekara 14 wasa ce? Na rantse ba za ta koma makarantar nan ba. Mako uku ban amsa gaisuwarta ba. In ta kawo mini tuwo, sai in sa ƙanwarta ta ɗauke ta sāke kawowa.

Ita ma ba ta rasa nata laifin ba. Ta haɗu da waɗansu samari da 'yan mata na ikilisiyarmu, su ma 'yan makaranta, suka riƙa taruwa kowace Jumma'a da dare. Suka fara cewa ikilisiyarmu matacciya ce. Shugabansu, wani saurayi mai zafin kai, ya ce duk wanda bai yi magana da harsuna ba bai karɓi Ruhu Mai Tsarki ba, ko fasto ne. Tsofaffin Zumuntar Mata, waɗanda aka kora daga gidajen iyayensu saboda sunan Yesu, suka ji yaran da suka goya suna ce musu ba su da Ruhu. Na ga wata tsohuwa tana kuka saboda wannan magana.

Ran wata Lahadi, ana tsakiyar addu'ar baiko, sai su wajen 10 suka ɗaga murya gaba ɗaya. Mai addu'a ya yi shiru. Yara suka tsorata. Wani baƙo da muka yi wata biyu muna gayyata, ran nan ne ya fara zuwa, ya ɗauki takalmansa ya fita, bai ƙara dawowa ba. Da aka tashi sujada, dattawa suka sa ranar zama domin a sa matasan nan a ƙarƙashin horo, a hana su cin Jibin Ubangiji. Ni ne magatakardan dattawa. Da hannuna zan rubuta sunan 'yata.

Daren nan matata ta ce mini, "Malam, ka yi shekara 25 kana koya wa 'ya'yan mutane karatu, kana ce musu kada su ba da amsa sai sun karanta tambaya. Kai ka karanta tambayar?" Na yi fushi, amma na rasa ta cewa.

Shawarar tsohon fasto

Na hau keke na tafi wurin wani tsohon fasto da ya huta da aiki, abokin babana ne. Na zayyana masa kome. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, da ka daka mata tsawa, me ta yi?"

Na ce, "Ta amsa mini, Baba."

Ya ce, "Kakarka fa, in iska yana kanta, ka taɓa kiranta ta amsa?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Kama da wane ba ta wane ba ce. Ban ce maka na Allah ne ba, ban kuwa ce na Shaiɗan ne ba. Ni kaina ban taɓa yin wannan magana ba. Amma manzo Yahaya ya umarce mu mu gwada ruhohi, kai kuwa ka yanke shari'a ba gwaji. Koma gida. Ka zauna da yarinyar nan dare uku. Ku karanta Korantiyawa ta fari, sura 12, da 13, da 14, kowane dare sura ɗaya. Kai ka karanta aya, ita ta karanta aya. Kada wani ya tsallake wadda ta taɓa shi."

Abin da muka tarar cikin Littafi

Haka muka yi, a kan tabarma, fitila a tsakani, matata tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

Kafin mu shiga Korantiyawa sai da muka duba Ayyukan Manzanni, gama daga can 'yata take kawo hujjarta. Wuri uku ne littafin ya ambaci magana da waɗansu harsuna a fili. Na fari a sura 2, ranar Fentikos a Urushalima, sa'ad da masu bi ba su wuce wajen 120 ba. Na biyu a sura 10, a gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma, a Kaisariya. Na uku a sura 19, a Afisa, inda mutum wajen 12 ne. Wani abu da muka lura da shi a sura 2 shi ne, harsunan ranar nan harsunan mutane ne. Baƙi daga Masar, da Libiya, da Roma, da ƙasar Larabawa, kowa ya ji ana yabon Allah da harshen garinsu. Duk da haka waɗansu suka ce buguwa ce, har Bitrus ya tuna musu ƙarfe 9 na safe ne kawai. Mutum wajen 3,000 da aka yi wa baftisma a ranar kuwa, sai da suka ji wa'azin Bitrus suka fahimta, sa'an nan suka tuba. 'Yata ta nuna mini cewa Allah da kansa ne ya fara abin. Ni kuma na nuna mata mutane da yawa cikin littafin nan da suka ba da gaskiya ba a ce sun yi harsuna ba, kamar mutumin Habasha na sura 8, da Lidiya, da yarin kurkukun Filibi.

A dare na fari, sura 12 ta taɓa 'yata. Bulus ya lissafta baye-bayen Ruhu iri iri, ya nuna Ruhu ne yake rabawa yadda ya ga dama. Ya yi misali da jiki, ya nuna ido ba shi da ikon raina hannu. A ƙarshen surar ya jera tambayoyi, har da ko duka ne suke magana da harsuna, amsar kuwa a fili take, a'a. Ita ce ta karanta wannan aya. Muryarta ta yi ƙasa. Na ce a raina, yawwa, na kama ta.

A dare na biyu sura 13 ta haɗa mu duka ta buga. Da ma na saba jin surar ƙauna a wurin ɗaurin aure, ban taɓa lura cewa an dasa ta a tsakiyar gardamar harsuna ba. Ashe ikilisiyar Koranti ma irin rikicinmu take yi sa'ad da Bulus ya rubuta musu daga Afisa, shekara 20 da 'yan kai bayan tashin Ubangiji. Da na zo wurin da aka ce ƙauna ba ta riƙon laifi a zuciya, sai na tuna da tuwon da nake mayarwa. Na kāsa ƙarasa ayar.

A dare na uku kuwa nawa ya zo. Cikin sura 14 Bulus ya gode wa Allah domin shi kansa yana magana da harsuna fiye da su duka. Ya ce mai yin haka da Allah yake magana, yana kuma gina kansa. Kusa da ƙarshe ya hana a hana. Ni na karanta wannan aya da bakina, ni da na ce ba a irin wannan addu'a a gidana. Amma surar ba ta bar matasanmu ba. Bulus ya auna kalma 5 da jama'a za su gane da kalma 10,000 da ba wanda zai gane, ya zaɓi biyar ɗin a cikin taro. Ya kafa doka: mutum biyu, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, a kuma sami mai fassara. In ba mai fassara, mutum ya yi shiru a taro, ya yi tsakaninsa da Allah. Har ya yi zancen baƙon da zai shigo ya tarar kowa yana yi, ya ɗauka an haukace. Da muka kai nan, 'yata ta rufe fuska, gama ta tuna da baƙonmu da ya ɗauki takalma.

Wannan doka ta buɗe mini ido a kan wani abu. Ba a ce wa mutum ya jira layi ko ya yi shiru sai in yana da iko da bakinsa. Wa zai ce wa kakata ta dakata har wani ya gama? Sai na tambayi 'yata, na ce, "In kina yi, kin san inda kike?"

Ta ce, "Na sani, Baba. Ina jin kukan kwaɗi ma."

"Kina iya dainawa?"

"Duk sa'ad da na so. Kalmomin ne dai ba ni nake shirya su ba."

"Wa kike kira?"

Ta ce, "Yesu Ubangijina. Ba ni da wani."

Matata ta ajiye ƙwaryar gyaɗa, ta ce, "To, Malam, ka ji." Na roƙi 'yata gafara a daren nan. Abu ne mai wuya ga Bahaushe ya ce wa 'yar cikinsa, "Na yi miki laifi." Ita ma ta durƙusa ta roƙi tawa.

Abin da na koya daga baya

Da yake ni malami ne, ban tsaya nan ba. Shekara da shekaru ina neman sanin asalin abin, ga kuma kaɗan daga abin da na samu.

Tun a ƙarni na 4, babban mai wa'azin nan Yahaya Kirisostom ya faɗa wa jama'arsa cewa surorin nan suna da wuyar ganewa, domin abin da suke zance a kai ba ya faruwa a zamaninsa. Yaɗuwar abin a zamaninmu daga Amurka ta taso. A farkon watan Janairu na 1901, a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a garin Topeka, wata ɗaliba mai suna Agnes Ozman ta yi magana da harsuna. Malaminsu Charles Parham ya koyar cewa wannan ita ce shaidar baftismar Ruhu. A 1906 wani baƙar fata, William Seymour, ɗan 'yantattun bayi, mai ido ɗaya, ya fara taro a wani tsohon gini a titin Azusa, cikin birnin Los Anjalis. Farare da baƙaƙe suka riƙa durƙusawa wuri ɗaya, abin da ba a saba gani ba a Amurka ta lokacin. Daga can ikilisiyoyin Fentikos suka bazu cikin duniya. A 1960 abin ya shiga ikilisiyar Angilika ta Amurka ta wurin wani limaminta, Dennis Bennett, a 1967 kuma ya shiga cikin 'yan Katolika. A Nijeriya, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, farkawa ta kama ɗalibai a jami'o'i da kwalejoji. Ta wannan hanya ce ta iso ɗakin 'yata bayan shekara 25.

Akwai wani labari da ya kamata matasa su sani. Mutanen farko na titin Azusa sun zaci an ba su harsunan al'ummai ne, domin su tafi wa'azi ba sai sun koya ba. Wani mai suna Alfred Garr ya tafi Indiya, ya isa Kalkata wajen farkon 1907, yana tsammani harshen Bangali yake yi. Mutanen wurin ba su gane shi ba, dole ya yi wa'azi da Turanci. Ka gwada wannan da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda suka yi shekaru suna fama da Hausa, kalma bayan kalma, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da harshenmu a 1932. Wannan littafi ne babana ya ɗauko daga Babbar Ruga. In ka tambaye ni, a nan ne mu'ujizar Fentikos ta iso gidanmu, ran da muka ji manyan ayyukan Allah da harshen da muka sha a nono.

Masana ma sun bincika. Wani masanin harsuna a Kanada, William Samarin, ya yi shekaru yana ɗaukar muryoyin masu yi, ya buga littafinsa a 1972. Ya tarar yawancin sautukan daga harshen da mutum ya riga ya sani suke fitowa, ba su kuwa da nahawu irin na harsunan mutane. Amma bai ce masu yi mahaukata ne ko maƙaryata ba. A 2006 kuma wani likita, Andrew Newberg, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 5 suna cikin yi. Ya ga sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake aiki sa'ad da mutum yake sarrafa abin da yake yi da niyya, ya rage aiki. Wannan ya yi daidai da abin da 'yata ta faɗa mini, cewa ba ita take shirya kalmomin ba. Sai dai na'ura tana iya nuna abin da ke faruwa cikin kai, ba ta iya faɗar ko daga wurin wa ya fito.

Har yau masu bi na gaske sun rabu uku a kan zancen. Waɗansu sun ce baiwar ta ƙare da zamanin manzanni. Waɗansu, kamar Assemblies of God, suna koyar cewa ita ce shaidar fari ta baftismar Ruhu. Waɗansu kuma sun ce tana nan, amma ɗaya ce cikin baye-baye da yawa, ba ta kowa ba ce. A nan na uku nake tsaye. Ina kuma da 'yan'uwa a sauran biyun waɗanda ban isa in kwance musu takalmi ba wajen tsoron Allah.

Zaman dattawa

Ranar zama ta zo. Na roƙi dattawa su bar mu mu karanta surorin nan uku tare da matasan kafin a yanke magana. Aka yi ta ja, amma daga bisani suka yarda. Abin da aka tsaya a kai shi ne: ba za a hana kowa addu'arsa a ɗakinsa ba, a cikin sujada kuwa za a bi dokar sura 14, ba kuma wanda zai ƙara ce wa ɗan'uwansa ba shi da Ruhu saboda harsuna. Aka ce matasa su tafi su nemi gafarar tsofaffin da suka ɓata wa rai. Aka kuma ba su yammacin Jumma'a su yi addu'a a majami'a, dattijo ɗaya yana zaune tare da su.

Ba zan ce kome ya ƙare lafiya ba. Saurayin nan shugabansu ya ƙi, ya fita da mutum 6. Biyu daga cikinsu yau ba sa zuwa kowace ikilisiya. Wani dattijo kuma ya yi shekara guda ba ya gaishe ni, ya ce na sayar da gaskiya saboda 'yata. Baƙonmu bai komo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muka tsaga shi, manya da yara.

Daga baya na ga waɗansu abubuwa da ba zan iya yabawa ba. Na taɓa zuwa wani taro a birni inda mai wa'azi yake ce wa mutane su yi ta maimaita kalma ɗaya da sauri har harshe ya sarƙe. Na ga yarinya tana kuka domin kowa ya yi, ita ba ta yi ba, tana tsammani Allah ya ƙi ta. Wani saurayi ya faɗa mini da bakinsa cewa ya yi shekara biyu yana kwaikwayo don kada a raina shi. Kyauta ba a ƙwace ta, ba a kuma koyar da ita kamar karatun allo. Haka kuma na san mutum mai zuba harsuna ran Lahadi, ran Litinin kuwa mudunsa na kasuwa a buge yake.

'Yata ta koma makaranta, ta gama, ta yi aure, yanzu tana da jikoki. Abin da ya kwantar mini da rai daga ƙarshe shi ne halinta. Da ma yarinya ce mai saurin fushi, sai na ga tana sanyi shekara bayan shekara. Ita ce ta ɗauki jinyar tsohuwar nan da ta yi kuka, har ranar mutuwarta. Cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafta a Galatiyawa sura 5 akwai kamun kai, abin da bori bai taɓa ba kakata ba.

Dare na ƙarshe

A 2011 matata ta kwanta ciwon ajali. A darenta na ƙarshe a asibiti, ni da 'yata ne a bakin gado. Na yi shekara 40 ina bi da addu'a a gaban jama'a, amma daren nan na buɗe baki na rasa kalma ko ɗaya. In roƙa ta warke? In roƙa ta huta? Ban sani ba. Sai nishi kawai nake yi. Can na ji 'yata a ɗaya gefen, ta riƙe hannun uwarta, tana addu'ar nan tata a hankali, ƙasa ƙasa, yadda ko na gadon kusa ba zai ji ba. Muryar da ta sa gwiwoyina suka yi sanyi a 1995 ita ce na ji, amma ban ji tsoro ba. Na tuna da Romawa sura 8, inda aka koya mana cewa sa'ad da muka rasa yadda za mu yi addu'a, Ruhu yakan ɗauki kāsawarmu ya yi roƙo dominmu. Ita tana yi da harshen da ban sani ba, ni ina yi ba harshe ko kaɗan. Na tabbata wanda muke kira ya ji mu duka biyu. Da asuba matata ta tafi gida.

Har yau ban taɓa magana da harsuna ba. Na taɓa roƙo, ba a ba ni ba, na kuwa daina jin haushi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni an ba ni koyarwa, ina kuma gode wa Allah.

Ya ku iyaye 'yan'uwana, in ɗanku ya komo daga makaranta da abin da ba ku saba gani ba, kada ku fara da tsawa kamar ni. Ku shimfiɗa tabarma, ku buɗe Littafi tare. Ku tambaye shi wanda yake kira Ubangiji, ku ga ko yana da iko da kansa, sa'an nan ku zuba ido ga halinsa har shekara ta kewayo. Ku kuma matasa, in Allah ya ba ku wannan baiwa, ku riƙe ta da tawali'u. Tsohuwar da take zaune a bencin baya, wadda ba ta iya ko karatu ba, wataƙila ta sha dūka saboda Almasihu tun ba a haifi iyayenku ba. Ku gaishe ta da ladabi, ku roƙe ta ta yi muku addu'a. In kuwa ba a ba ka ba, kada ka yi kwaikwayo, kada kuma ka yi shakkar cetonka. Duk wanda ya ba da gaskiya ga Yesu da zuciya ɗaya, Ruhunsa yana zaune a cikinsa.

A wannan wata, ina roƙon kowane gida ya keɓe dare uku ya karanta surorin nan uku, uba aya, ɗa aya. Ubangiji ya ba mu zuciyar sauraron juna, ya kuma kiyaye ikilisiyarsa daga tsattsaguwa. Amin.